Ɗanka na son zama injiniya, ɗiyarka na son zama likita: ina hanya?

  

A wanga wata za mu yi magana bisa karatun ɗiyanmu. Ba zancen a sa yaro lakwal ba ne, wannan mun sha yin shi. Zancen shi ne: yaro ya shiga lakwal, Allah kuma ya ba shi kai. Mushe ya ce shina gane lissafi. A gida ba shi barin rediyo ko tocila sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Ranar da malamin dabbobi ya zo yin huji, shi ne ke biye da shi shina tambaya. Wata rana sai shi ce maka: «Baba, ni injiniya nake son zama.» Ko kuwa ɗiyarka ta ce ma uwarta likita take son zama. To mi za ka ce? Da yawa cikinmu sai mu ce «Allah shi ba da sa'a», mu tsaya nan, don ba mu san hanyar ba. Addu'a tana da kyau. Amma hanyar tana da mararraba, kuma akwai wurin da in yaro ya saki hanya, komawa baya na da wuya ƙwarai.

Mu fara da ƙidayar shekaru, don kowa shi san nisan tafiyar. Ƙaramar lakwal shekara 6 ce. Kolej shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar buruwe, wadda ake rubutawa BEPC. Lise shekara 3, a ƙarshenta a yi jarrabawar bak. In ka haɗa, shekara 13 ke nan. Yaron da ya shiga shina da shekara 7, za shi kai shekara 20 kafin shi riƙe bak, in bai maimaita aji ba. Daga nan jami'a: shekara 3 a samu lisans, a ƙara 2 a samu mastar. Karatun injiniya kamar shekara 5 ne bayan bak. Na likita ya fi kowane tsawo, shekara 7 zuwa 8. Wanda ya ce ɗiyarshi za ta zama likita, shi sani damina 20 ko fiye za a yi ana ciyar da ita ba ta kawo komi gida ba. Ba mun faɗi haka don mu karya zuciyar kowa ba. Akwai hanyoyi gajeru, za mu zo kansu. Sai dai ya kamata uba da uwa su san nauyin kayan kafin su ɗauka.

Tushen duk wanga karatu abu biyu ne: lissafi da Faransanci. Lissafi kowa ya san dalili. Faransanci fa? Gaskiya ne tun shekarar 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, kuma tun 1973 anka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Amma a kolej da lise da jami'a, da Faransanci ake koyar da lissafi da kimiyya, da shi ake yin jarrabawa. Yaro da yawa sun iya lissafin, amma ba su gane tambayar da anka yi masu ba, sai su faɗi. Saboda haka kada ka ji yaro ya ce shi ɗan lissafi ne, ba ruwanshi da Faransanci, ka yarda da shi.

Ku da kunka yi yaƙi da jahilci, yanzu kuna da abin da iyayenmu ba su da shi: kun iya karanta lamba. Wanga ya isa ku duba takardar sakamako da ake ba yaro, wadda ƴan kolej ke ce ma bultan. Kada ka bari yaro shi gaya maka da baki wai ya ci. Ka ce shi kawo takardar, ku zauna bisa tabarma ku duba tare. Ana ba da maki bisa 20. Wanda ya samu 10 ya samu rabi, shi ne ake ce ma mwayen. Ka nemi layi huɗu. Inda anka rubuta Mathématiques, lissafi ke nan. Inda anka rubuta Physique da Chimie, wannan ilimin wuta da ƙarfi da haske ne, da ilimin haɗe-haɗen sinadari. Inda anka rubuta SVT, ilimin jikin mutum da dabba da tsiro da ƙasa ne. Na huɗu shi ne Français. In ka ga 12, 13, 14 a waɗanga layuka, yaronka na bisa hanya. In ka ga 6 ko 7 a lissafi tun ajin farko na kolej, kada ka jira shekara ta ƙare. Ka wanke ƙafa ka je wurin malaminshi ka tambayi abin da ke faruwa. Lissafi kamar ginin rumbu ne, kowane zagaye bisa na ƙasa shike zaune. Yaron da bai iya rabawa ba a ƙaramar lakwal, ba za shi iya abin da ake koyarwa a kolej ba, ko da ya yi shekara shina harda.

Kana iya gwada shi da kanka, da abin gona. Ga misali. Eka guda mita 100 ce a tsawo, mita 100 a faɗi. In anka shuka hatsi, tsakanin rami da rami mita guda ta kowane gefe, rami nawa ke cikin eka? Amsa 10.000. Malaman gona sun ce a sa giram 6 na takin zamani mai suna NPK a kowane rami. Kilo nawa za a saya? Amsa kilo 60, wato buhu guda na kilo 50 da ƙarin kilo 10. Yaron da ke ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal ya kamata shi fid da wanga amsa. In ya fid da ita, ka sake tambayarshi: in takin DAP ne, mai giram 2 a rami fa? In ya ce maka kilo 20 ba tare da ya daɗe ba, to ka riƙe yaron nan da kyau. Makiyayi ma na da irin tashi tambaya: shanu kaza, kowace na shan ruwa lita kaza a yini, guga nawa za a ja? Yaron da ya ga lissafi na aiki a gonar ubanshi da bakin rijiya, ba shi ƙara ɗaukarshi abin Nasara.

Yanzu mu zo babbar mararraba. Ita ce ajin ƙarshe na kolej, wanda ake ce ma turwaziyem. Yaron da ya ci buruwe ana rarraba shi, ana duba makinshi, da shekarunshi, da abin da ya nema. A lise ƙofa biyu ce a shekarar farko. Akwai sagwand A, akwai sagwand C. Ƙofar A ta masu harsuna da tarihi da falsafa ce. Daga nan ake samun alƙalai da lauyoyi da ƴan jarida da malaman harshe, kuma duk ƙasa na bukatarsu. Ƙofar C ita ce ta kimiyya. Bayan shekara guda ita ma sai ta rabu biyu: C ta masu ƙarfi a lissafi da fizik, D ta masu ƙarfi a ilimin jiki da tsiro da dabba. Mai son zama injiniyan wuta, ko na hanya da gada, ko na ma'adinai, ko malamin lissafi, C ta fi mashi. Mai son zama likita, ko likitan dabbobi, ko injiniyan gona, D ta ishe shi, ko da shike mai C ma na iya shiga.

Abin da muke so kowane uba shi riƙe shi ne wanga: wanda ya yi bak A ba a ɗaukarshi karatun likita, ba a ɗaukarshi karatun injiniya. Yaro mai shekara 16 ne ke yanke wanga shawara, sau da yawa shi kaɗai, a garin da ba nasu ba, ubanshi na ƙauye bai ma san an yi ba. Kuma mun ga yadda abin ke faruwa. Abokai su ce mashi C wahala ce, mutum haukacewa shike, zo mu tafi A mu samu bak cikin sauƙi. Sai yaro mai 14 a lissafi shi bi su. Bayan shekara 3 shi zo shina cewa likita shike so, a ce mashi ƙofa ta rufe. A lise da yawa za ka tarar da ajin A ya cika har ana zama uku uku bisa tebur, ajin C kuwa ƴan tsiraru ne, wani wuri ma babu shi sam don ba a samu ɗalibai ko malami ba. Ba mu ce a tilasta ma kowane yaro shiga C ba. Wanda lissafi ya gagare shi, tura shi can zalunci ne, za shi maimaita aji har a kore shi. Amma wanda ke iyawa, kada a bari tsoro da zancen abokai su kore shi. A shekarar turwaziyem, ka je kolej ko sau biyu ne. Ka ga darakta, ka ga malamin lissafi, ka ce: «Malam, gaya mani gaskiya, yaron nan za shi iya C?» Malami ba shi ƙin uban da ya zo da irin wagga tambaya.

Akwai ƙofa ta uku wadda mutanen karkara ba su cika sani ba, alhali a Maraɗi take. Ita ce lise ta fasaha mai sunan Ɗan Kasawa. Tsohuwar makaranta ce, yara na zuwa cikinta daga duk jihohin ƙasa bayan buruwe. A can ana karatu da alli, ana kuma yi da hannu: aikin ƙarfe da injuna, aikin wutar lantarki, aikin gini, da kuma lissafin kuɗi da aikin ofis. Yaro na fita da bak ta fasaha, shina iya wucewa jami'a ko makarantar injiniyoyi. A Yamai akwai lise ta sana'a mai sunan Isa Beri, akwai kuma wata lise ta zaɓaɓɓun ɗalibai masu ƙarfi a kimiyya, wadda ake shiga da jarrabawar gasa. A Tera akwai lise ta aikin gona. Yaro mai hannu, wanda ba shi son zama wuri guda shina sauraren magana, sau da yawa irin waɗanga makarantu sun fi dacewa da shi.

To wanda ba shi da halin ciyar da yaro shekara 8 bayan buruwe fa? Ba a rasa hanya ba. A Kolo, kusa da Yamai, akwai makarantar IPDR, wadda ta samo asali tun zamanin mulkin Turawa. Malaman gona da kuke gani a ƙauyukanku, da malaman dabbobi, da malaman daji, da masu aikin madatsai da fadamu, da yawa cikinsu can sunka yi karatu. Ana shiga da jarrabawar gasa, akwai matakin masu buruwe, akwai na masu bak. Ɗan manomi da ɗan makiyayi suna da rinjaye a wurin. Yaron da ya tashi cikin garke ya san saniya marar lafiya tun daga nesa, abin da ɗan birni za shi yi wata da watanni shina koyo. Abin da ya rage mashi shi ne sunan cutar, da dalilinta, da gwargwadon maganin da za a ba dabba bisa nauyinta. Nan ma lissafi ya sake fitowa.

Ta fannin lafiya, akwai makarantar gwamnati ta ENSP a Yamai da Damagaram. Daga can ake samun malaman asibiti, da ungozomomi, da masu awon jini. Akwai matakin da ake shiga da buruwe, akwai na masu bak. Makarantun lafiya na kuɗi ma sun yi yawa a birane yanzu. Wasu na da kyau. Amma kafin ka sayar da sa ko rago ka biya, ka tabbata gwamnati ta yarda da makarantar, kuma ɗalibanta na yin jarrabawar ƙasa. Takardar da gwamnati ba ta sani ba, ko an yi mata ado da zinariya, ba a ɗaukar mutum aiki da ita.

Wanda kuma bai kai buruwe ba, ko bai taɓa shiga lakwal ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake ce ma CFM a cikin kominoni. Ana koyon walda, da kafinta, da ɗinki, da gyaran injin, da aikin wuta, da noma da kiwo na zamani. Akwai kolejin fasaha, CET, da ake shiga bayan ƙaramar lakwal. Ka tambaya a ma'aikatar magajin garinku. Kada wani shi ce maka wanga karatun waɗanda sunka faɗi ne. Ku duba ƙauyukanmu. Famfo nawa mai aiki da hasken rana ya tsaya, mata sunka koma tsohuwar rijiya, don babu mai gyara sai an kira wani daga birni, a biya mashi kuɗin mota da na aiki? Injin ban ruwa nawa ke ajiye cikin ɗaki? Injin niƙa fa, da salula, da babur? Yaron da ya iya waɗanga da ilimi, ba da lalube ba, ba za shi kwana da yunwa ba, kuma ba sai ya tafi Libiya ko Abijan ba.

Mu koma ga wanda ya samu bak C ko D ko ta fasaha. A da jami'a guda ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda anka fara a 1971. Yanzu kowace jiha na da tata. Na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun fara da makarantun fasaha da ake ce ma IUT, kafin su zama jami'o'i. A 2014 anka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi. Kowace na da abin da ta fi ƙarfi a kai. A Maraɗi akwai aikin gona, da kimiyya, da karatun likita, da IUT mai koyar da aikin wuta da injuna da gini. Damagaram ma na da kimiyya da karatun likita. Agadas ta fi karkata ga ma'adinai da makamashi, Dosso ga aikin kwamfuta da sadarwa, Tilaberi da Difa ga noma da kiwo da muhalli. A Yamai, hayin kogi, akwai EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ana shiga da gasa. Can hayin kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel sunka kafa a 1974 bayan babban fari. Hasashen damina da kuke ji a rediyo kafin shuka, ko ruwa za shi zo da wuri ko za shi makara, aikin irin mutanen da ta horar ne. Mai son zama cikakken likitan dabbobi, akwai makarantar ƙasashen Afirka da ke Dakar, ƴan Nijar da yawa sun yi karatu can.

Sunayen jami'o'in nan ma abin gaya ma yaro ne. Ta Yamai sunanta Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi ƙaramar lakwal a Damagaram, ya wuce Yamai, da Senegal, da Faransa. A 1956 ya ci wata babbar jarrabawar malaman fizik ta Faransa, wadda babu ɗan Afirka baƙar fata da ya ci ta kafin shi. Ya dawo gida ya shugabanci ofishin ƙasa na makamashin rana tun daga 1969, inda sunka ƙera na'urorin zafafa ruwa da na dafuwa da rana. A lokacin da yawan mutane na ganin rana ba ta da amfani sai shanya. Ya rasu a 1991. Yau ga tashar wutar rana a Malbaza tun 2018, ga ta Goru Banda kusa da Yamai tun 2023, ga faranti bisa rufin shago a kusan kowane ƙauye. Ta Maraɗi kuwa sunanta Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan Maraɗi ne, malamin ilimin sinadari, ya yi ministan ilimi. Ta Tilaberi sunanta Bubakar Ba, malamin lissafi, shi ne shugaban jami'ar Yamai na farko.

Wani za shi ce: duk wanga karatu, mi za shi ƙara ma gonata? Mu duba abu biyu da kunka sani. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta sha raba manomi da abincin shekara. Masu bincike na INRAN a Tarna, da na jami'ar Maraɗi, da na ICRISAT a Sadore, sun yi aiki bisa wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro. Shina harbin tsutsar ta sandare, shi saka ƙwanshi a jikinta, ɗiyanshi su cinye ta. Ana kiwon ƙwaron cikin ƴan ƙananan buhunan algarara, a rataye su a gonaki lokacin da hatsi ke fid da kai. Ba feshi, ba guba. Na biyu shi ne buhu mai ninki uku na ajiyar wake, wanda ake ce ma PICS. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane dabam. Iska ta ƙare ma ƙwari a ciki, su mutu, wake shi kai bazara lafiya lokacin da tiya ke tsada. Masu binciken wata jami'ar Amurka ne sunka fito da dabarar, ƴan ƙasarmu na INRAN sunka gwada ta, sunka yaɗa ta tun daga 2007. Haka aikin zaɓen shanun Azawak a Tukunus, da na jar akuyar Maraɗi, da allurar rigakafin dabbobi da ake haɗawa a Yamai. Ƙofar C da D ce ke kai mutum ga irin waɗanga ayyuka.

Zancen aiki kuma, mu faɗi gaskiya. Zamanin da duk mai takarda gwamnati ke ɗaukarshi aiki ya wuce. Akwai masu lisans da ke zaune gida. Matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram, ta fara aiki a 2011, kuma a 2024 anka fara tura ɗanyen mai na Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2.000 zuwa gaɓar teku a Benin. Akwai gawayin Anu Araren, akwai simintin Malbaza, akwai yuraniyom na Arlit. Duk suna ɗaukar injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata. Amma ba su isa ɗaukar kowa ba, kuma ramin ma'adini na ƙarewa: na Akokan an rufe shi a 2021, mutane da yawa sunka rasa aiki. Shi ya sa, a ganinmu, gara yaro shi zaɓi ilimin da za shi iya aiki da shi ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Mai aikin wuta, mai aikin ruwa da famfo, malamin dabbobi, mai awon fili, mai aikin gini, ungozoma, waɗanga ko ba ofis suna da kasuwa. Akwai kuma aikin da kullum ake neman mutane ba a samu isassu: malamin lissafi da fizik a kolej da lise. Makarantar horar da su, ENS, tana cikin jami'ar Yamai.

Saura abubuwan da ke kada yaro a hanya, waɗanda ba su da alaƙa da kaifin kanshi. Na farko masauki. Kolej ba kowane ƙauye take ba, lise kuwa sai babban gari. Sai a kai yaro gidan wani ɗan'uwa ko abokin ciniki, a bar shi. Wani mai masauki mutumen kirki ne. Wani kuwa ya samu bara: yaro shi ɗebo ruwa, shi tsare shago, shi kai niƙa, dare shi yi ya gaji. Lissafin lise ba a iya shi sai an zauna kullum da dare an yi ta aiki da alƙalami, awa biyu ko uku. In ka kai yaro, ka kai hatsinshi, ka saya mashi fitila mai cajin rana, ka yi magana da mai gida a fili bisa lokacin karatu. Ka riƙa leƙawa ranar kasuwa. Ƙauyen da ke da yara biyar ko shida a gari guda, iyaye na iya haɗa kai su kama masu ɗaki, su sa wani dattijo ko dattijuwa ta riƙa kula da su.

Na biyu damina. Jarrabawar buruwe da ta bak suna faɗowa wajen watan Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman farko. Mun san hannu na ƙaranci a lokacin. Amma kiran yaro gida ana saura kwana 20 jarrabawa, asarar shekara ce gaba ɗaya. A nemi gayya, ko a yi haƙuri da shi na wanga ɗan lokaci, hutu na zuwa za shi yi noma har Oktoba. Ga makiyaya kuma matsalar a farkon shekara take: ana buɗe lakwal garke bai dawo daga arewa ba, yaro shi zo bayan wata biyu an wuce shi. A lissafi, wata biyun farko su ne tushen shekarar.

Ɗiya mata kuwa, nasu nauyin ya fi. Yarinya ce ta ɗaya a aji, ta kai shekara ta biyu ko ta uku a kolej, sai a ce an ba da ita. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun ɗiya mace, an kuma gina gidajen kwanan ɗalibai mata a wasu wurare, kamar Kelle cikin jihar Damagaram. Amma doka ba ta shiga zauren kowa, uba ne ke yanke magana. Mu dai tambaya guda muke yi. Mu ne ke cewa ba mu son namiji shi duba matanmu a asibiti, ba mu son namiji shi karɓi haihuwa. To likita mace da ungozoma, ɗiyar wa za ta zama, in kowa ya cire tashi? In tsoron lalacewa ne a gari, wannan tsoro ne na gaskiya, kuma maganinshi masauki nagari da sa ido. Uwa ma na da nata: yarinyar da ke daka da ɗibar ruwa da raino har isha, yaushe za ta buɗe littafi? A rage mata aiki a shekarar jarrabawa.

Kuɗin tallafi na gwamnati, wanda ɗalibai ke ce ma burs, akwai hukumar da ke kula da shi, sunanta ANAB. Ba kowane mai bak ke samu ba. Ana duba maki, ana duba shekaru, kuma kuɗin kan makara, don haka kada a dogara da shi kaɗai. Zancen shekaru shi ya kawo mu ga takardar haihuwa. Ba a rubuta yaro jarrabawa sai da ita, ba a yin takardar zama ɗan ƙasa sai da ita, kuma makarantun gasa duk suna da iyakar shekaru. Yaron da anka sa lakwal a makare, ya kuma maimaita aji biyu, shina iya samun maki mai kyau a ce shekarunshi sun wuce. In an yi haihuwa, a sanar a wurin rajista na ƙauye ko a asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ɗanshi ya girma ba shi da takarda, shi je wurin alƙali da shaidu a yi mashi takardar da ke maye gurbinta, tun yaro na ƙaramar lakwal. In an ba ka, ka sa wanda ya iya karatu shi duba sunan yaro da na uba da na uwa da shekarar haihuwa, su zama daidai da abin da ke rubuce a rajistar lakwal. Harafi guda in ya saɓa, shina iya tsai da yaro ranar ajiye takardu. Ka sa ta cikin leda, ka ajiye inda gara da ruwa ba su kai, ka riƙa ba da kwafi kawai.

A wata mai kamawa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayani bisa yadda ake shiga makarantar Kolo da irin takardun da ake nema. Mai tambaya shi rubuto da Hausa, shi ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu shi aiko mana. Mu kwana lafiya.